Lambar Bawa Soja

Sufeto Zaidu bai gama shayinsa na safe ba aka ce masa ga wani dattijo a bakin buro, wato ofishinsa, ya ƙi zama, ya kuma ƙi gaya wa kowa abin da ya kawo shi. Da ya leƙo sai ya ga Malam Liman ne, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko. Rabin ma'aikatan Birnin Konni a hannunsa suka koyi karatu, sauran kuma bulalarsa kawai suka samu. Shi Zaidu ya samu duka biyun.

Tun da ya bar aiki, Malam Liman ya ɗora wa kansa wani aikin da ba wanda ya sa shi. Yana bin ƙauyuka yana neman gidajen tsofaffin sojojin da Faransa ta kwasa zuwa yaƙe-yaƙenta kafin a samu 'yancin kai. Sai ya karɓi aron lambobin yabonsu da takardun shaidarsu, ya ɗauki hoto, ya yi ta bincike har ya gano inda kowane ya yi yaƙi da abin da ya yi aka ba shi lambar. Burinsa ya baje su wata rana a zauren lakwal, yara su ga kakanninsu. Mutane na yi masa dariya, suna ce masa mai tara tsatsa. Amma suna ba shi, domin ba a taɓa jin ya ci amanar ko da allura ba.

"An ɗauke guda, Zaidu," in ji shi. "Ta Bawa Soja na Tajaye."

Ya ce ɗan marigayin, Muttaƙa, wanda ya ba shi aron, ya riga ya bi tasha da kasuwa yana faɗin Malam ya ƙetara iyaka da lambar ya sayar. Maganar ta kai ƙauyuka. Iyalan sauran sojojin sun aiko cewa ranar Juma'a bayan masallaci za su zo kowa ya karɓi kayan ubansa.

"Su karɓa, nasu ne," in ji Malam Liman. "Amma kada in mutu da sunan ɓarawo."

Zaidu ya ji abin har cikin ransa. Ya ture kofin, ya ɗauki hularsa.

Ɗakin ajiyar lambobin yana ƙuryar gidan Malam, kusa da madafa. Kwaɗon ƙofa lafiya lau, taga ba a taɓa ta ba. A kan tebur ga na'urar ɗaukar hoto, ga kwamfuta, ba abin da ya motsa. Lambobin suna jere a kan farin ƙyalle, kowace da 'yar takarda a ɗaure mai sunan mai ita da Faransanci.

A gurbin ta Bawa babu ƙarfen. Amma takardar shaidarta na nan, kuma a kanta an ajiye ƙyallen da ake rataya lambar da shi, an yanke shi an ninke a hankali kamar kayan sallah.

"Mai sayen irin waɗannan yana barin takarda?" Zaidu ya tambaya.

"Ko kusa. In ba takarda, ba ƙyalle, tagulla ce kawai."

Lambar Bawa irin mai kusurwa huɗu ce, ta yaƙin Aljeriya, kuma akwai wasu biyu irinta sak a jere da ita. Zaidu ya kifa su. Gabansu baƙi ƙirin da tsufa, bayansu kuwa sai ƙyalli. Malam Liman ya kama baki. Ya ce shi bai taɓa goge lamba ba tun da ya fara wannan aiki, domin gogewa ɓata ta take yi.

Zaidu ya shafa yatsa a gefen ɗaya, ya duba, ya shinshina. Toka ce da lemun tsami. Haka ake wanke gindin tukunya a kowane gida da ya sani.

Ya tambayi wa ke riƙe makulli. Malam ya ce in zai yi tafiya yana barin sa wurin matarsa Kande, kuma ranar kasuwa ya wuni a Dogarawa wajen wata takarda. Kande tana bakin murhu. Ta ce ba wanda ya shiga, ba wanda ya fita, ita ko kusa da ɗakin tsatsar nan ba ta zuwa. Duk amsar da ta bayar, tukunya take kallo. Zaidu bai matsa mata ba, ya yi mata sannu da aiki ya fita.

Muttaƙa yana da shagon kayan babur kusa da tasha, kuma mutum ne da in ya buɗe baki ba a buƙatar lasifika. Yana ganin Sufeto ya fara: shi maraya ne, an cuce shi, lambar ubansa ta fi masa duk abin da ke shagon nan.

"Ba ka taɓa tunanin saida ta ba?"

"Ni? Allah shi kiyaye."

"To mi dillalin nan na Sakkwato ka yi a kan bencinka makon jiya? 'Yan kabu-kabu sun ce har lemu ka saya mai."

Muryar Muttaƙa ta sauko kamar an sace wa taya iska. Ya ce gaskiya ne mutumin ya zo, sun yi magana, shi kuma ya ce masa ya jira Malam ya gama hotunansa. Amma dillalin ya ja masa kunne sau da yawa: lamba da takardarta da ƙyallenta, in babu ɗaya to babu ciniki.

Zaidu ya gyaɗa kai. Wannan kwaɗayi ne, amma mai irin wannan kwaɗayin ba zai bar takarda a kan tebur ba.

"In an haɗa lambar babanka da wasu irinta, yaya za ka gane ta?"

"Tana da tsaga uku a baya, Shef. Irin ta huskatai. Tun suna bariki yay yi mata da wuƙa don kada ta sauya da ta wani."

"Wa ya san da wannan?"

"Sai 'yan gidanmu."

Daga nan bakin Muttaƙa ya sake buɗewa, amma a hankali. Ya ce tsohon yana da wata al'ada. Duk ɗan gidan da zai tafi cin rani, ko Legas ko Abijan, sai ya kira shi ya ɗauko lambar ya danna masa a ƙirji, ya ce tafi ka komo kamar yadda na komo. Kuma duk suna komowa. Bayan rasuwarsa lambar ta shige akwatin Muttaƙa, ba wanda ya ƙara tunawa da ita. Mijin yayarsa Hamdiyya ya tafi Libiya a shekarar, har yau ba labari.

"Ita Hamdiyyar tana ina?"

"Tana Tajaye. Amma bar ta, Shef, ba ruwanta da lamba. Ɗanta na hwari, Sabi'u, ya shiga soja, an tura su yamma inda ake ta gwabzawa, yanzu haka ya zo ban kwana. Wallahi ko sannu ban ji ta ce mai ba."

Zaidu ya dube shi ya daɗe. Sa'an nan ya ce ya rufe shago, gobe da safe za su Tajaye tare.

Kafin nan ya koma wurin Kande. Bai yi mata tsawa ba. Ya zauna a kan turmi ya ce mata wanda ya shiga ɗakin ba ya karanta boko, shi ya sa bai duba sunayen ba, sai ya bi lambobin yana gogewa yana neman wata alama. Kuma tokar daga murhun nan aka ɗebe ta.

Kande ta fashe da kuka. Ta ce wata baƙuwa ce daga Tajaye, ta zo da tsarabar wake, ta ce ita ɗiyar Bawa ce, tana son ganin hoton ubanta. Wa zai hana ɗiya ganin ubanta? Ta buɗe mata, ta koma kan girki. Matar ta fito ta roƙi 'yar toka da ɓarin lemu, ta ce hannunta ne ya yi maiƙo. Da abin ya tashi, tsoron Malam ya hana ta faɗi, kullum kuma ƙaryar sai ƙara nauyi take yi.

Malam Liman yana tsaye a bayansu yana ji. Sai ya ɗauki buta ya tafi alwala.

Da hantsi suka isa Tajaye, bayan Zaidu ya biya ya gaida jandarmomi ya shaida musu abin da ya kawo shi yankinsu. Malam Liman na gaban mota, Muttaƙa na baya.

Sun tarar da Hamdiyya tana sheƙar wake a tsakar gida. Doguwar mace ce, ta manyanta, fuskarta ba ta nuna komai. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

"Inna, kin je Konni ranar kasuwa?" in ji Zaidu.

"Na tahi."

"Kin shiga ɗakin Malam?"

"Na ga hoton Baba, na hito."

"Ba ki taɓa komi ba?"

"Mi za ni yi da ƙarhen Nasara?"

"An ce ɗanki za shi koma bakin aiki."

"Yaron gidan ga? Haka ni ji ana hwaɗi. Wai yau da la'asar. Ban san sha'aninai ba."

Ta ci gaba da sheƙa. Zaidu ya kai ido ƙarƙashin rumbu. Ga ƙulle-ƙulle a jere cikin inuwa: ƙuli-ƙuli, garin yaji, soyayyen gero, har da man shanu a 'yar kwalba an naɗe bakinta da leda an ɗaure tam. Guzurin da zai ishi mutum uku ne.

Shi Zaidu ɗan fari ne. Har uwarsa ta koma ga Allah bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. In yana ciwo ba ta zuwa kansa a gaban mutane, sai dai ya farka ya ga kunu a rufe kusa da shi, a ce masa wai maƙwabciya ce ta kawo. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma a ƙauyukan nan har yanzu da sauran masu riƙe ta da gaske. Mace irin Hamdiyya za ta iya roƙon ƙanenta komai a duniya, ban da abin da zai nuna tana tsoron kada ɗanta na fari ya mutu.

Tausayi ya kama shi, amma aiki aiki ne. Ya tuna ƙyallen da aka yanke. Wanda zai rataya lamba yana buƙatar ƙyallenta. Wanda ya yanke shi, wani wuri zai cusa ta. Ya tambayi Muttaƙa ko akwai baduku a garin.

Rabi'u baduku yana zaune a rumfarsa cikin tarkacen jar fata. Ya rantse shi kwanan nan ban da kube da linzami ba abin da ya ɗinka. Zaidu ya bar shi yana rantsuwa, ya tsuguna yana juya kayan aikinsa. A cikin gwangwanin basilla ya ga wani ɗan zoben tagulla. Ya miƙa wa Malam Liman.

"Zoben da ke riƙe ƙyallen ne," in ji Malam, a hankali.

Rabi'u ya sunkuyar da kai. Ya ce zoben ne ya hana fatar kwanciya, shi ya sa ya cire. Ya ce kambu ya ɗinka, irin wanda ake ɗaurawa a damtse. Abin da ya sa ya ɓoye, kada a ji a gari ya rufe ƙarfen Nasara a fata kamar aya, malamai su sa shi gaba. Matar ta roƙe shi ya kai wa yaron da hannunsa, ya ce wani malami ne ya bayar sadaka, kada sunanta ya fito.

"Yaron ya san abin da ke ciki?"

"Bai sani ba, ranka shi daɗe."

Da suka koma gidan, Sabi'u ya dawo daga sallamar dangi. Saurayi ne siriri, askin soja ya sa kunnuwansa sun fito, jakarsa na jingine a bakin zaure. Maƙwabta sun ga motar 'yan sanda, sun fara taruwa a bakin darni.

Zaidu ya ce masa ya naɗe hannun rigarsa. Ya naɗe yana mamaki. Ga kambun a damtsensa, sabuwar jar fata, ɗinki ƙanana. Zaidu ya sa ya kwance, ya karɓa, ya fito da 'yar wuƙarsa.

"Kada ka yanke."

Hamdiyya ce. Ta ajiye faifan, ta miƙe tsaye.

"Ni naɗ ɗauka. Ba Malam ba, ba matatai ba. Na goge biyu ban gani ba, ga ta ukku nig ga tsagar Baba." Idonta na kan ƙasa, ko gefen da ɗanta yake ba ta kalla ba. "Ubanai ya tahi ba a danna mai ba. Wanga kuma inda za shi, harbi aka yi."

Sabi'u ya juyo ya dube ta. Tun yana yaro yake ɗauka matar nan haƙuri kawai take yi da shi.

"Yaya, da kin tambaye ni," in ji Muttaƙa, da wata ƙaramar murya da ba a san shi da ita ba.

"In ce maka mi? A gaban wa?"

Muttaƙa ya kawar da kai.

Zaidu ya juya ga Malam Liman. Ya gaya masa gaskiya, ba ɓoye-ɓoye: in ba a ajiye lambar nan a gaban mutane ranar Juma'a sun gan ta da idonsu ba, za a ce ɗalibi ne ya rufa wa malaminsa asiri. Maganar ɓarawo ba za ta mutu ba. Motar Sabi'u kuma da la'asar za ta tashi.

Malam Liman ya karɓi kambun. Ya daɗe yana latsa fatar da babban yatsa, yana jin kusurwoyin nan huɗu. A duk abin da ya tara, wannan ce ya fi ji da ita, domin ita ce ya fi shan wahala kafin ya gano labarinta. Ya ce wa Sabi'u kakansa ya samu lambar ne saboda ya goyo wani abokinsa da aka harba, ya sauko da shi daga kan dutse ana ruwan wuta. Sa'an nan ya miƙa wa Muttaƙa kambun.

"Kai ne babba namiji a gidan. Yi mai abin da tsoho ke yi."

"Malam, sunanka fa?" in ji Zaidu.

"Su hwaɗi abin da suka ga dama."

"Ba su hwaɗin komi," in ji Hamdiyya. Ta janyo mayafinta daga kan igiya. "Ni za ni Konni. In tsaya gabansu ranar Juma'a in hwaɗi da bakina ni ce ɓarauniyar, in kuma hwaɗi wanda niy yi dominai. Kowa ya san ɗiyar Bawa ba ta ɗora ma kanta wanga kunya a banza."

Zaidu ya san abin da wannan ke nufi gare ta. Satar ba ita ce mai nauyin ba. Ya ce mata dole ne dama ta biyo shi komisariya, ofishin 'yan sanda, a rubuta bayaninta, sauran kuma ya rage ga Malam da ya kawo ƙara. Bai fito da ankwa ba, ko tunaninta bai yi ba.

Muttaƙa ya matso gaban ɗan yayarsa. Ya danna masa kambun a ƙirji, ya ce, "Tahi ka komo, kamar yadda yak komo." Sa'an nan ya ɗaura masa a damtse, ya ja igiyar da haƙori.

Hamdiyya ba ta tsaya gani ba. Ta ratsa ta cikin matan da ke bakin darni, kanta a miƙe, ta ce wa ɗaya daga cikinsu akwai wasu ƙulle-ƙulle a ƙarƙashin rumbu, in akwai mai tafiya a ba shi, kada su lalace. Zaidu ya buɗe mata ƙofar baya ta shiga. Malam Liman ya zauna a gaba, ƙaramin zoben tagullar a tafin hannunsa.

Mota ta tashi. Sun wuce rijiya, sun wuce masallaci. Sai da suka kusa fita gari ta ɗan matso, ta yi ƙasa da murya.

"Shef. An ɗaure shi da kyau?"

Zaidu ya duba madubi. Can baya ga Sabi'u a tsakiyar hanya, ya biyo motar har ya gaji ya tsaya, hannunsa na dama dafe da damtsen hagu.

"An ɗaure, Inna. Yana riƙe da shi."

Ta ja mayafin ta rufe fuskarta. Har suka hau kwalta ba ta waiwaya ba.